Buhu Arba'in da Teburin Fulera

Nima, Accra
9 ga Maris, 1987

Zuwa ga Iddrisu ɗan Mahama,

Shekara tara ke nan wannan gaisuwa tana hannuna, ban san inda zan aika da ita ba. To, ga ta: assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalin da aka ce ka tara a Kano, da dukiyar da aka ce Allah Ya hore maka. Mu ma muna nan da rai. Ƙafata ta dama tana kumbura in na daɗe a zaune, idon Fulera kuma ya soma hazo. Na san ba ka tambaya ba, amma haka aka koya mana buɗe wasiƙa a makarantar Tamale, mu da muka zauna har muka gama.

Ya'u direba, mai kai goro arewa, shi ya ba ni adireshinka. Ya ce ya gan ka a kasuwar Sabon Gari, ka yi tumbi, kana da shago mai ƙofa biyu, kuma Alhaji Idi ake ce maka yanzu. Ya ce da ya ambaci Nima sai ka soma duba agogo. A shekarar tamanin da uku, da aka koro mutanenmu daga Nijeriya, kwana uku na yi a tashar jirgin ruwa ta Tema ina duba fuskokin masu sauka. Ashe Hausar da muka sha a nono a Salaga ta fisshe ka, ka saje da Kanawa. Ni kuɗin motar Tema ma rance na yi, kuma ina jin shi ne rance na ƙarshe da wani ya ba ni a garin nan.

In ka manta, bari in tuna maka. Daminar saba'in da takwas ce, lokacin kalabule, sa'ad da 'yan kasuwa ke ɓoye kaya, shinkafa ta fi zinariya wuyar gani. Ka zo ɗakina, ka ci tuwon Fulera har ka suɗe kwano, sannan ka ce in raka ka wurin Hajiya Safara'u, babbar dilar hatsi ta Kasuwar Malam Atta. Ba ta san ka ba. Ni ta sani. Ni ne Ticha Zuberu, wanda ya koyar da yaran rabin Nima kafin ya zama akawu a kamfanin Turawa, wanda maza ke kawo wa kuɗin adashinsu ya ajiye, wanda matarsa ke da tebur a cikin rumfarta. Ko kallonka ba ta yi ba. Ni ta duba ta ce, “Ticha, ka tsaya masa?” Na ce na tsaya. Da wannan kalma aka loda maka buhu arba'in, ba takarda, ba jingina, a kan za ka kai Koforidua ka dawo da kuɗi cikin mako uku. Sai ka bi ta Aflao ka tsallake iyaka.

Na biya, Iddrisu. Sidi dubu takwas, kuɗin buhu arba'in a ranar da ka ɗauka, ban rage komai ba. Filina na unguwar Malam ya tafi, wanda na so in gina mana ɗaki biyu mu huta da haya. Keke ya tafi, rediyo ya bi shi. Ana cikin haka kamfani ya rufe. Shekara huɗu ina kai mata kaɗan-kaɗan. Amma ka san abin da ya sami sidi a waɗannan shekaru. In aka haɗa duk abin da na kai, bai isa sayen buhu goma ba. Ni na ce lissafi ya cika. Kasuwa ta ce buhu aka bayar, buhu za a mayar. A nan muka tsaya har yau.

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ni nawa an farke ni an shanya shi a bakin titi. 'Yan adashi suka fara, suka zo su uku da fara'a suka ce suna so su rage mini nauyi, suka ɗauke akwatin. Daga nan aka daina kirana shaidar ciniki. Mai gidan da muke haya, wanda a da sai in yi wata uku ban gan shi ba, ya koma zuwa ran ɗaya ga wata tun kafin in sha koko. A da ina zaton sunan mutum in ya faɗi kamar faɗawa rijiya ne, zai taɓa ƙasa ya tsaya, ya soma neman hanyar hawa. Ni har yanzu ban ji ƙasa ba.

Ba don ka ji tausayina na rubuto ba. Maganar teburin Fulera ce. Duk abin da ya faru, Hajiya ba ta sa matata a cikin fushin da take yi da ni ba. Ta ce Fulera ba ta ci mata komai ba, ta bar ta a rumfa, tana ba ta buhu ran Litinin ta auna da mudun olonka ta sayar, ta biya ran Asabar. Da wannan tebur muke ci. Abin da nake samu a bakin gidan waya, ina rubuta wa mutane wasiƙa da cike musu fom, ko haya ba ya biya. Yanzu Hajiya ta tsufa, ƙafafu sun ƙi, kuma bayan Babbar Sallah za ta miƙa rumfar ga 'yarta Mulikatu. Mulikatu ta aiko. Ta ce ita ba za ta gaji tsohuwar magana ba. A kawo buhu goma cikin arba'in ɗin, ta manta da sauran. In ba haka ba, tana da masu jiran teburin.

Saboda haka abu biyu nake nema. Buhu goma, ko kuɗinsu ta hannun Ya'u, kafin Layya. Da layi biyu da hannunka, ka ce Zuberu bai ci ko ƙwaya ɗaya ba, don har yau akwai masu cewa raba muka yi. Na san a aji uku ka tsaya, amma layi biyu ba su fi ƙarfinka ba.

Ka gai da matarka, ko matanka. Fulera ba ta san na rubuto ba.

Wanda ya tsaya maka,
Zuberu

Nima, Accra
1 ga Yuni, 1987

Iddrisu,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, da fatan an sha ruwa lafiya, Allah Ya karɓi ibada ga waɗanda za a karɓa wa. Yaya iyali, yaya kasuwa? Mu mun yi azumi lafiya, sai dai ruwan sama ya shigo mana ɗaki sau biyu.

Ya'u ya dawo. Ya rantse mini a hannunka ya sa wasiƙata, ka karanta a tsaye, ka ninke ka sa aljihu. Ya ce ka tambaye shi labarin Nima, shi kuma da bakinsa da ba ya rufuwa ya ba ka labarin takarda, ka yi dariya ka ce ashe Ticha shi ya ja wa kansa. Tun da har ka sami abin dariya, bari ka ji shi daga bakin mai shi.

Ranar da zan kai biyan ƙarshe, a shekarar tamanin da biyu, a zauren Liman Awudu aka taru. Ka san yadda ake yi. Dattawa su zauna, a ƙirga kuɗi a gabansu, mai bin bashi ya ce na karɓa, a fasa goro, a shafa fatiha, shi ke nan magana ta mutu. Ni kuwa na yi shekara goma sha ɗaya a ofis, na ga yadda maganar baka ke tashi daga kabari bayan shaidu sun mutu. Kuma ina jin ƙishin-ƙishin a kasuwa cewa kuɗin bai kai ba. Sai na buga takarda da tafireta, da Turanci, na manna kan sarki, cewa an biya duka, ba sauran haƙƙi. Da aka gama ƙirga na fito da ita, na fito da tawadar dangwale, na karanta, na fassara, na ce Hajiya ta sa yatsa.

Liman ya ce, “Ticha, mu da muke zaune nan ba mu isa ba?” Na ce ba haka ba ne, ƙa'ida ce kawai. Hajiya ta miƙo hannu, ta dangwala, ta goge yatsan a bakin mayafinta a hankali. Sannan ta ce, “Ran da na ba abokinka buhu arba'in, wace takarda ka ba ni?” Ta sa aka tashe ta, ta fita. Ba a fasa goron ba, ba a yi fatiha ba. Ni da kaina na kwashe goron na koma da shi gida.

Daga baya Fulera ta gaya mini, tana kuka, cewa tun da safe Hajiya ta faɗa wa matan rumfa za ta yafe sauran a gaban dattawa, don ta ga wahalar da na sha. Wai da na yi shiru minti ɗaya da na fito zauren nan da suna fiye da wanda na shiga da shi. To, ina zan sani? Ni ba boka ba ne. Har gobe ina cewa duk kotun da aka kai takardar nan ni ke da gaskiya. Sai dai ba a sayar da hatsi a kotu. Mutanen kasuwa suka ce Ticha ya biya buhu arba'in da kuɗin goma, ya rufe bakin tsohuwa da Turanci. Kuma kafin ka sake yin dariya, ka tuna wanda ya kai ni zauren nan. Da ka dawo daga Koforidua, da ba wanda ya ga tawadata.

Bari in ba ka labarin azumin bana, ka ƙara a kan abin dariyarka. Ka tuna Wasiu, Bayaraben da ke da kanti a bakin layinmu? Yana da littafi mai baƙin bango da yake rubuta masu cin bashi. Kowa na ciki. Masu dako suna ciki. Kwandastan motar haya ta trotro da ba wanda ya san inda yake kwana yana ciki. Har wani maƙwabcinmu da ke wuni a rumfar giyar akpeteshi, wanda sau biyu ana ciro shi daga kwata, yana da shafinsa. Ni na daɗe ban nemi komai ba, don kada a ce mini a'a. Ran sha bakwai ga azumi ciniki ya ƙi, Fulera tana zazzaɓi, na je na ce Wasiu ya ba ni sukari da gwangwanin madara ɗaya, ya rubuta, ran Juma'a in biya.

Na shirya wa a'a. Na ma shirya abin da zan mayar masa. Sai ya ɗauko sukari, ya ɗauko madara biyu, ya ƙara da ganyen shayi, ya ƙulle a takarda ya miƙo. Littafin yana gefensa bai taɓa shi ba. Na ce ya rubuta. Ya ce, “Ticha, bar shi, watan alheri ne.” Na ce ni ba bara na zo ba, ya rubuta. Ya ce, “Haba Ticha, tsakanina da kai?” Akwai mata biyu a tsaye suna jira, suka sunkuyar da kai. Na so in ajiye masa kayansa. Na tuna Fulera, na ɗauka na tafi.

Ka gane abin da ya yi? A da in an hana ni, sai in ce ana tsoron kada in ƙi biya, wato dai har yanzu ana lissafi da ni. Wasiu ya auna alkawarina ya ga bai kai kuɗin tawadar da zai rubuta shi ba, gara ya bayar ya sami lada. Ba da mugunta ya yi ba, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Da safiyar Sallah kuma muka buɗe ƙofa muka tarar da ƙullin masara uku, zakkar fid da kai, ba a san masu kawowa ba. Ni da nake rubuta wa masallaci sunayen waɗanda za a kai wa.

Saura wata biyu Layya. Mulikatu ta fara zuwa rumfa tana zama kusa da uwarta, tana duba tebura. Buhu goma, Iddrisu. Ya'u ya ce a shagonka ya ƙirga fiye da ɗari a jibge.

Ka gai da duk wanda ya yi dariya tare da kai.

Zuberu

Nima, Accra
13 ga Yuli, 1987

Alhaji Idi, tun da haka kake so a kira ka,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, da tambayar lafiyarka da ta yara. Saƙonka ya iso. Turmin shadda ɗaya, fara, da kwalbar turare, da maganar baka. Na sa Ya'u ya maimaita mini maganar sau biyu don kada in zalunce ka. Ka ce kasuwa ba daɗi tun da naira ta faɗi. Ka ce a yi haƙuri, abin da ya wuce ya wuce. Ka ce in ɗinka in sa ran Sallah, kada a ga Ticha da tsohuwar riga. Na tambaye shi ko akwai takarda, ko da layi biyun nan. Ya ce ka ce ai tsakaninmu ba sai da rubutu ba.

Lallai kai ka fi ni sanin duniya. Ni rubutu ya kashe ni, kai rashinsa ya raya ka.

Shaddar ban ɗinka ba. Na kai ta wurin masu atamfa, kuma matar da ta saya sai da ta aika aka kira Ya'u ya tabbatar mata cewa tawa ce, ba ta wani aka ba ni ajiya ba. Ina tsaye ana wannan bincike. Kuɗin bai kai buhu ɗaya ba. Turaren kuwa na tsaya a kan gadar katako na juye shi cikin babbar kwatar Nima. Wajen minti biyu wurin ya yi ƙamshi, har wata mai tallan burodi ta waiwaya. Wannan shi ne alherin da ka yi wa unguwar da ta riƙe ka shekara shida.

Ina so ka san wadda kake yi wa wannan, don ni na daina sa kaina a lissafi. Lokacin da ka sauka Accra da jaka ɗaya, Fulera ce ta shimfiɗa maka tabarma a barandarmu. Da ka yi ciwon shawara ita ta dafa maka magani, ta hana ka mai da gishiri kana zaginta. Ita ta wanke maka rigar da ka sa muka je wurin Hajiya. Shekara ashirin da biyu tana teburin nan. A nan ta yi goyon 'ya'yanmu biyu da suka rasu, a nan ake nemanta in an yi haihuwa ko mutuwa, matan rumfa su ne danginta, don nata suna can Yendi ba ta gan su ba tun kafin ka tafi. Ta gano ina rubuto maka, don Ya'u bai iya ɓoye komai ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Malam, kuɗin kan sarki da ka sayo mana kifi da shi.” Tun ran nan ba ta sake tayar da maganar ba. Da asuba take fita yanzu, tun kafin a buɗe rumfa, ta share har gaban teburan wasu.

Na yanke shawara. Zan ɗauki takardar nan in kai wa Mulikatu, in ce ta yaga ta da hannunta, in roƙi a bar ni in biya buhu goman kaɗan-kaɗan. Shekara biyar takardar tana cikin akwatina a ƙarƙashin satifiket ɗina, kuma ban taɓa zaton zan fito da ita don wannan ba. Ban ce na yi kuskure ba. Na ce zan kai.

Saura mako uku. In akwai sauran abin da uwarka Asana ta zuba maka a Salaga, Allah Ya jiƙanta, Ya'u zai sake tasowa daga Kano ran ashirin da biyar ga wata.

Wassalam,
Zuberu

Nima, Accra
17 ga Agusta, 1987

Iddrisu,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah. Ina fatan ragonka ya yi kitse, iyali sun ci sun ƙoshi. Ya'u ya iso hannu wofi, ya ce ya je shagonka sau biyu aka ce ka yi tafiya. Wannan ita ce wasiƙar ƙarshe, kuma ba na neman komai a cikinta. Ina so dai kada ka ce ba ka ji ba.

Na je wurin Mulikatu. Wataƙila ba ka san ni na koya mata lissafi a aji huɗu ba. Ta tashi ta ba ni kujerarta, ta sa aka kawo mini ruwa. Na fito da takardar na ajiye a gabanta, na ce ga ta, ta yaga. Ko buɗewa ba ta yi ba. Ta turo mini ita ta ce, “Ticha, ajiye abarka, ni ba ta tsare mini komai ba.” Na ce to a bar ni in riƙa kawo buhu ɗaya duk wata biyu har goma su cika, ga kuɗin shadda na soma da shi. Ta juya zoben hannunta. Sannan ta ce ta yarda, albarkacin Fulera. Har na soma godiya, sai ta ce, “Amma wa zai tsaya maka?”

Ba ta ƙirƙiro wani abu don ta wulaƙanta ni ba. Abin da uwarta ta tambaya ne a kanka, abin da ake tambaya ne a kan kowa. Mutum ɗaya mai gida a Nima ko Maamobi, ya zo rumfa ya ce na tsaya. Ta ba ni har jajiberin Sallah.

Na sa rigata mai kyau na fara da Liman Awudu. Ya tsufa ƙwarai, sai an ɗaga murya. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce shekarunsa ba za su ɗauki alkawarin wata ashirin ba, kada ya mutu da nauyi. Ya yi mini addu'a mai tsawo. Da na tashi ya ce, “Da ka bar mu mun shafa fatihar nan, Ticha.” Na je wurin waɗanda na koyar, masu gidaje da motoci yanzu. Ɗaya ya ce ya yi rantsuwa tun da ya ga abin da ya same ni ba zai taɓa tsaya wa kowa ba, wai ni ne darasinsa. Ɗaya ya sa hannu a aljihu tun ban gama magana ba. Ɗaya aka ce yana barci, ina jin muryarsa ta taga. Ya'u ya ce shi ya yarda, amma shi ɗan haya ne, rabin shekara yana hanya, Mulikatu ta ce ba a tsayawa da mota. Ƙofa goma sha ɗaya na ƙwanƙwasa cikin kwana tara, da wannan ƙafa.

Wasiu ne na ƙarshe. Ya fito daga bayan kanta, ya ja ni gefe don kada a ji. Ya ce, “Ticha, in ba ka rabin buhu kyauta, zan iya, yau ma. In tsaya maka, ba zan iya ba. In abu ya lalace, da wane ido zan zo ƙofarka?” Na ce ba zai lalace ba. Ya ce, “Haka kai ma ka ce.”

Ran Sallah nama ya shigo mana daga gida bakwai. Tun da muke Nima ba mu taɓa samun kamarsa ba. Duk waɗanda suka ƙi tsaya mini sun aiko, har da cinya guda daga gidan mai barci. Fulera ta soya, ta raba wa maƙwabta, ni ban iya ci ba.

Ran Litinin da ta wuce Mulikatu ta karɓi rumfa. Ba a yi hayaniya ba. Hajiya Safara'u ta sa aka kawo ta a tasi, ta kama hannun Fulera ta riƙe, ta ce ta yafe mata duniya da lahira, ko da yake ba abin da ta yi mata. Matan rumfa suka haɗa mata kuɗi a ƙullin ɗankwali. Na so in je in taya ta ɗaukar kaya, ta ce in zauna, kada a gan ni. Ita kaɗai ta shigo da azahar, olonka biyu da faranti da ɗan bencinta a ka, ta jera su a bayan ƙofa. Washegari ta tashi da asuba kamar kullum, ta yi wanka, ta ɗaura zane, sannan ta zauna a bakin gado.

Ta ce in na rubuto in gaishe ka, don ita har yanzu tana gaisuwa. To, na isar. Kada ka aiko da komai, ba mai karɓa.

An ba wata yarinya Lamisi teburin, tana sayar da gero a kai. Shekara ashirin da biyu Fulera ta yi a wurin, yanzu ba ta da tebur a Kasuwar Malam Atta.

Zuberu